Kwana Nawa Kafin a Buga Ƙofa

Malam Illiassou Mamadu ya shekara talatin da huɗu yana kwasar kayan mutane daga wani gida zuwa wani a ƙasar Faransa. An haife shi a Damagaram, a unguwar Birni, a shekarar 1958 bisa ga takardunsa, ko da yake shi yana ganin an rage masa shekara biyu. Ya yi aikin lodi a manyan motocin da ke tafiya Agadas, sannan ya iso Paris a 1984, inda wani ɗan garinsu ya kai shi wani ƙaramin kamfanin kwasar kaya da ke bayan unguwar Barbès. A nan ya zauna har ya ajiye aiki a 2018. Abin da ke tafe na tattara shi ne daga bakinsa, da bakin matarsa Hajiya Aïssata, da ƴarsu Hibatullah, da abokinsa Moctar, da wasu mutum biyu da za a ambata idan an zo wurinsu. Inda maganarsu ta saɓa, na faɗa.

Yawancin aikinsa irin wanda kowa ya sani ne: a naɗe kwanuka da takarda, a sauko da kabad daga hawa na shida, a cika kamiyo, wato babbar motar kaya, a kama hanyar Nantes ko Rennes ko Strasbourg, domin a shekarunsa na ƙarshe mutanen Paris da yawa suna gudun tsadar haya da cunkoso suna komawa biranen da ba su kai ta girma ba. Amma akwai wani reshe na aikin da abokansa ba sa so, wanda a hankali ya zama nasa. Idan mutum ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa, bayan hukuma ta gama nata, magada ko notar, lauyan da ke kula da gado, sukan kira kamfani ya zo ya kwashe abin da ya rage. Malam Illiassou ya ce ya shiga irin waɗannan gidaje fiye da arba'in. Ya ga kofin shayi da ya bushe a kan tebur, cokali na ciki. Ya ga kalanda da ta tsaya a watan da ya wuce. A wani gida a Rennes ya tarar da rediyo tana magana ƙasa-ƙasa a ɗakin girki, babu wanda ya tuna ya kashe ta, har da waɗanda suka ɗauki gawar.

A kowane gida tambaya ɗaya yake yi wa mai gadin bene ko maƙwabcin da ya leƙo: kwana nawa aka yi kafin a sani? Ba ya rubutawa, amma bai manta ko ɗaya ba. Strasbourg, kwana shida. Gidan mai rediyo, sha ɗaya. Nantes, sha tara. Wani gida mai faɗi a yammacin Paris, mai madubai har rufi, wata biyu da kwana uku. Daga baya ya kai ga yana iya kintatawa tun kafin a ba shi amsa, daga nauyin ƙofar: wasiƙu da takardun talla sukan taru a bayanta, idan ya tura ya ji yadda take turjewa, ya san kusan tsawon shirun da aka yi. Dole in faɗa cewa gidaje arba'in ba sa isa a yanke wa birni hukunci, kuma shi kansa ya yarda da haka da na faɗa masa. Amma da wannan ma'aunin ya san biranen Faransa, ba shi da wani.

Shi da Hajiya Aïssata suna zaune tun 1991 a Paris, a unguwar La Goutte d'Or, a hawa na biyar na wani tsohon bene da ba shi da asansar, na'urar da ke hawa da mutane sama. Bangon ɗakin kwanansu yana tsatsafar da ruwa kowane hunturu, ana shafa fenti, baƙin danshi na sake fitowa. Hajiya tana da ciwon fuka tun ƙuruciya, ya yi mata sauƙi na shekaru, sannan ya dawo da ƙarfi. A 2021 ta koma sauka sau ɗaya a mako, ranar Asabar, zuwa kasuwar da ke ci a ƙarƙashin gadar jirgin metiro, kuma idan za ta hau sai ta zauna a kowane hawa. Maƙwabciyarsu ta hawa na uku ta ajiye mata kujera a bakin ƙofa saboda haka. Likita ya gaya musu ba tare da kwana-kwana ba cewa idan ta ƙara hunturu biyu a ɗakin nan, huhunta ba zai dawo ba.

Hibatullah, wadda ita ce babbar ƴarsu, mai harhaɗa magunguna ce, tana aiki a Lyon, kuma aikinta irin wanda ake samu a kowane gari ne. Don kada mahaifinta ya ce ta zaɓi abin da ya fi mata sauƙi, sai ta zauna ta tsara takarda guda, ta jera birane biyar: Lyon, Nantes, Rennes, Grenoble, Strasbourg. Na ga takardar, aiki ne mai tsafta. Ta auna kowanne da tsabtar iska, da yawan bishiyoyi, da layukan taram, jirgin da ke bin titunan gari, da hanyoyin keke, da nisan asibiti, da tsadar haya, da nisan masallacin Juma'a, da inda ake samun nama halal. Grenoble ta faɗi saboda duwatsu sun kewaye ta, iska takan tsaya. Strasbourg ta faɗi saboda sanyi. Rennes da Nantes sun yi kyau, sai dai damshin yamma bai dace da mai fuka ba. Lyon ce ta zo a gaba, musamman sabuwar unguwar da Hibatullah take, Confluence, can inda kogunan Rhône da Saône suke haɗuwa, wurin da a da tashar jiragen ruwa da ɗakunan ajiya suke.

Mahaifin ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa. Ya ce abin mamaki ne garin da take ya ci gasar da ita ta shirya. Sannan ya juya takardar ya duba bayanta.

"Ina layin kwana nawa?"

Hibatullah ba ta gane ba. Da ya yi mata bayani, ta ce masa wannan ba abin da ake aunawa ba ne, kuma ai ita tana nan, za ta riƙa zuwa kullum. Ya ce duk waɗanda ya kwashe kayansu suna da wata ƴa a wani wuri, ya ga hotunansu a bango. Ya ce ɗayansu, shi ko uwarta, zai rigaya, ɗayan ya saura, kuma ba zai kai Aïssata inda za ta kwanta a ƙasa mako biyu ana wucewa da keke ta ƙarƙashin tagarta ba. Hajiya Aïssata, da take sauraro daga kan gado, ta ce ita numfashin yau take nema, na bayan mutuwa ya bar wa Allah.

Bai ƙi ba, bai kuma yarda ba. Abin da ya yi shi ne gwaji, kuma ya fara da unguwarsu. A wata Talata cikin watan Mayun 2022, lokacin da Hajiya take asibiti na kwana uku, ya rufe ƙofa ya ƙi fita, ya bar takalmansa a waje kamar yadda ya saba, domin a gidansu na Birni takalmi a bakin ƙofa shi ne shaidar mai ɗaki yana ciki. Bai je azahar ba, bai je la'asar ba. Washegari da hantsi aka buga ƙofa kamar za a karya ta. Moctar ne, tela mai shago a ƙasan benen, Bafillacen Tahoua wanda suka shekara talatin suna tsokanar juna saboda uwar Malam Illiassou Babarbariya ce.

"Kai bawana, ka mutu ne ba ka nemi izinina ba?"

"Da na mutu ai da ka huta da hawan bene, ga ka kana haki kamar tsohon bijimi."

"Hawa biyar na yi saboda Babarbare. Allah ya isa tsakanina da ƙafafuna. Buɗe in ga ko ka fara wari."

Kwana ɗaya da ƴan awoyi ke nan. Malam Illiassou ya ce a duk shekarunsa bai taɓa jin adadin da ya kai wannan ƙanƙanta ba.

A watan Oktoba ya gaya wa iyalinsa ya amince zai je ya ga Lyon da idonsa. Aka shirya Hibatullah ta ɗauki hutun mako guda ta zo Paris ta zauna da uwarta, shi kuma ya zauna a gidanta ya zaga gari. Moctar kaɗai ya san ba zagawa zai yi ba. Ya isa ranar Juma'a da yamma, ya sayi shinkafa da albasa da madara da shayi, ya hau hawa na huɗu, ya cire takalmansa na fata ya ajiye su a bakin ƙofa, bakinsu na kallon ciki kamar na wanda ya shiga, ya rufe. Ya yanke wa kansa wa'adi zuwa Juma'a mai zuwa, domin ba zai bar sallar Juma'a saboda gwaji ba. Wayar iyali yana ɗauka, don a ganinsa na nesa ba sa cikin lissafi. Idan suka tambaye shi me ya gani, sai ya faɗi abin da ke bayan taga: ruwan kogi, da taram na wucewa, da mutane a kan keke da yara a kwandon gaba. Ya nanata mini cewa bai yi musu ƙarya ba.

Benen sabo ne, an gina shi yadda zafi ba ya fita, sanyi ba ya shiga. Tagoginsa masu gilashi ninki uku ne. Malam Illiassou ya ce abin da ya fara damunsa shi ne yana ganin taram na tafiya amma ba ya jin ta, yana ganin bakin mutane na motsi a bakin kogi kamar kifaye. A La Goutte d'Or ya san tarin kowa da lokacin girkin kowa. A nan abin da ke isowa kunnensa biyu ne kawai: wani siririn huci na na'urar sauya iska da ba ya tsayawa, da ƙarar ƙofofin da ke dogon lungun hawan. Ƙofofi shida ne. Lungun ba shi da taga, fitilarsa takan kama da kanta idan wani ya motsa, ta mutu bayan ɗan lokaci, kuma haskenta yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya shimfiɗa darduma kusa da ƙofar, nan ya wuni. Kafin Lahadi ta ƙare ya rarrabe su. Ƙofofi huɗu suna buɗewa da sassafe, su sake buɗewa da yamma. Ta shida ita ce tasa. Ta biyar, wadda ke fuskantarsa, tana buɗewa sau ɗaya da misalin ƙarfe goma na safe, a hankali, a ji jan ƙafa da bugun sanda, a ɗan yi shiru, sannan a ji asansar.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗan buɗe ƙofa ya leƙa takalmansa. An juya su. Suna nan a jere kusa da juna, amma bakinsu na kallon waje. Ya daɗe yana dubansu. A gidansu, in ji shi, kakarsa takan sa a juya wa baƙo takalmi idan ana girmama shi, don ya zura ƙafa ba sai ya sunkuya ba, amma takan sa a juya su kuma idan baƙon ya daɗe ana so ya tashi, kuma ba a taɓa gaya wa baƙon wanne ake nufi. Ya mayar da su yadda suke, ya rufe. Litinin ya tarar an sake juya su. Ya sake mayarwa. Ta ƴar hudar leƙe da ke jikin ƙofa ana ganin lungun, amma ba a ganin abin da ke gindin ƙofar, don haka bai ga mai yi ba. A safiyar Litinin ɗin dai ya hango bayan maƙwabcin: dogon tsoho, farin gashi, riga mai kauri ruwan toka, sanda mai lanƙwasasshen kai. Bai yi shakkar shi ne ba. Ya ce ransa ya ɓaci. Mutum ya ga takalmi kwana uku ba su motsa ba, ya sami ƙarfin taɓa su, amma bai sami ƙarfin ɗaga hannu ya buga ba.

Ranar Talata ƙarfe goma ta yi, ƙofa ta biyar ba ta buɗe ba. Sha ɗaya ta yi, azahar ta yi. Malam Illiassou ya lura, kuma bai ɓoye mini cewa ya lura ba. Ya gaya wa kansa ƙila tsohon ya yi tafiya tun jiya, ƙila ya fita lokacin da yake wanka. Ya ce a gaskiya abin da ya hana shi tashi shi ne gwajin, domin idan ya buga ƙofar wani ya nuna kansa, kwanakin da ya tara sun lalace. Kuma akwai abin da ya kwantar masa da hankali: da ya leƙa, takalman a juye suke. Mai juya takalmi, a ganinsa, lafiyarsa ƙalau.

Laraba ma ƙofar ba ta buɗe ba. Da misalin ƙarfe goma, yana zaune a kan darduma, haske ya shigo ta ƙarƙashin ƙofarsa. Bai ji wata ƙofa ba, bai ji asansar ba. Ya miƙe ya sa ido a hudar. Lungun fes, fitila na ci, ƙofofi biyar a rufe, babu kowa. Ya tsaya har fitilar ta mutu. Da ya buɗe, fitilar ta sake kamawa saboda shi, ya duba ƙasa, takalman suna kallon waje. Ya ce a wannan karon bai mayar da su da hannu ba, da ƙafa ya tura su, ya rufe, ya murza makulli sau biyu. Hibatullah ta tuna cewa da ta kira shi da la'asar ranar, ya tambaye ta wane ne a ɗakin da ke fuskantar nata. Ta ce wani dattijo ne, sunansa a akwatin wasiƙu Berthet, sun taɓa gaisawa a asansar sau biyu ko uku cikin shekara biyu. Ta tambaye shi dalili, ya ce ba komai.

Ranar Alhamis ya tarar da su a juye karo na biyar. Ya zura ƙafafunsa a ciki ba tare da ya sunkuya ba, ya taka taku uku, ya buga ƙofa ta biyar. Ya yi sallama da Hausa kafin ya tuna, sannan ya kira sunan mutumin. Ya durƙusa ya kai hancinsa gindin ƙofar, abin da ya koya a wurin aiki. Bayan haka ya koma ya kira ƴan pompiye, masu kashe gobara, waɗanda su ake kira a Faransa idan an ji shiru a bayan ƙofa. Suka zo cikin minti goma sha biyu, suka fasa makullin. Dattijon yana kwance a ƙasa a cikin ɗan soron gidansa, kansa kusa da ƙofa, sanye da rigar fita, sandar a gefensa.

Sunansa Aimé Berthet, yana da shekara tamanin da ɗaya, tsohon ma'aikacin wata masana'antar rini, bai taɓa aure ba. Magajiyarsa ƴar ɗan'uwansa ce da ke zaune a Clermont-Ferrand, kuma ita ce ta farko cikin mutum biyun da na ambata. Ta gaya mini likitan da ya duba gawar ya sa lokacin mutuwa tsakanin yammacin Litinin da ranar Talata, bai iya matsewa fiye da haka ba, kuma bai iya cewa ko tsohon ya daɗe a ƙasa da rai ba. Ta biyu ita ce matar da ke share benen. Tana zuwa Litinin da Alhamis, da sassafe. Ta tuna takalman, domin ba a barin komai a lungu a benen, har ta yi niyyar kai ƙara, amma ta ce ba ta taɓa su ba, ta dai kewaye su da tsumma. Ko da an ɗauka ta manta, cikin kwanakin da suka biyo bayan mutuwar zuwanta ya bayyana Alhamis kaɗai. Game da fitilar, wani mai gyaran lantarki ya gaya mini irinta takan kama idan iska mai ɗumi ta ratsa, ba sai mutum ba. Sauran maƙwabtan huɗu, biyu sun ce ba su ma lura da takalman ba, ɗaya ba ta amsa wasiƙata ba, ɗaya ya riga ya tashi. Akwai kuma yiwuwar da na gabatar wa Malam Illiassou da kaina: mutumin da ya kwana shida a rufe, ba ya barci sosai, yana iya zaton ya mayar da takalmi alhali bai mayar ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce yana iya yiwuwa. Ban sami abin da ya wuce wannan ba, kuma ba zan ƙara abin da ban samu ba.

Da Hajiya Aïssata ta ji dukan labarin, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da ta buɗe baki, Hibatullah ta ce ba ta ɗaga murya ba, don ba ta da numfashin yi.

"Ni ina nan ina neman iska, kai kana can kana wasan mutuwa. Ka zauna kana jiran a buga maka, mutum na kwance taku uku da kai. Malam, kai ma ai Lyon ɗin ne."

Ya ce har yau idan ya tuna Talatar nan abinci yakan fita ransa.

Bayan mako uku magajiyar ta nemi wanda zai kwashe gidan. Malam Illiassou ya ce shi zai yi, ba ya son ko sisi. Ya koma Lyon da Moctar, wanda ya rufe shago kwana biyu yana mita cewa Babarbare ya mayar da shi ɗan dako. Ƙofar ba ta turje ba, wasiƙun benen a ƙasa ake ajiye su. A bayanta akwai wata kujera mara jingina, an aje ta daidai ƙarƙashin hudar leƙe, fatar samanta ta lotsa. A jikin bango kusa da ita an maƙala kalanda mai manyan gidaje, kowane gida cike da ƙananan rubutu da fensir. Moctar ne ya karanta, don idonsa ya fi. Lambobin ƙofofi ne da lokuta: wannan ta fita ƙarfe bakwai da rabi, wancan ya dawo ƙarfe shida. Haka watanni suka tafi a baya, har farkon shekara. A gidan Asabar an rubuta lambar ƙofar Hibatullah, da kalmomi kaɗan na Faransanci da ke nufin: baƙo, takalmi, bai fita ba. Lahadi: bai fita ba. Litinin: bai fita ba, kwana uku, a buga? Da alamar tambaya. Gidan Talata babu komai.

Moctar ya ce Malam Illiassou ya zauna a kan kujerar, sannan ya ce: "Ashe mu biyu ne, kowa na bayan ƙofarsa yana ƙirga ɗan'uwansa." Moctar ya ce wannan ce rana ɗaya cikin shekara talatin da ya rasa abin da zai tsokane shi da shi.

Magajiyar ba ta son sayar da gidan a lokacin, ta ce idan sun san mai neman haya su faɗa. Hibatullah ta kai maganar Paris tana ɗari-ɗari, don ta zaci ba za su so ɗakin da aka mutu a ciki ba. Hajiya Aïssata ta tambaya ko bangon na tsatsafa, aka ce a'a. Ta tambaya ko asansar na aiki, aka ce yana yi. Ta ce babu ɗakin da ba a mutu a ciki ba sai wanda ba a daɗe da ginawa ba, kuma ita ta gama shawara, wanda zai biyo ta ya biyo. Malam Illiassou ya kwana uku yana jujjuya maganar. Adadin da ya samo wa Lyon bai yi masa daɗi ba, kwana biyu ne ko uku, kuma ya san da ba don yana wurin ba da ya haura ashirin. Ya san kuma wanda ya ƙara kwana biyun. A watan Maris na 2023 ya naɗe kwanukan gidansa da takarda, ya sauko da su daga hawa na biyar, ya ƙi yarda wani ya tsara masa kamiyo.

Na ziyarce su a watan Nuwamban 2024. Hajiya Aïssata tana sauka kullum, tana tafiya bakin Saône har gada ta dawo, ranar Asabar kuma ta hau taram zuwa unguwar Guillotière sayen kayan miya. Ta ce garin ba shi da gaisuwa, amma yana da iska. Moctar yana kira kowace Juma'a ya tambaya ko bawansa na raye.

Muna cikin magana ƙarfe goma ta yi, Malam Illiassou ya nemi gafara ya tashi, ya ce in biyo shi idan ina so. Yanzu ba hawansu kaɗai yake bi ba. Ya gano tsofaffi bakwai masu zaman kaɗaici a benen, kuma kowace safiya yakan buga musu. Biyu sun kai ƙararsa wurin masu kula da benen a watan farko, aka rubuto masa takarda, ya daina zuwa wurin ɗaya, ɗayan kuma da kansa ya aiko daga baya cewa a ci gaba. Ba ya shiga, ba ya zama. Yakan buga sau uku ya faɗi sunansa. A hawa na shida wani mutum ya buɗe ya miƙa masa hannu. A na biyar wata murya ta ce lafiya lau daga ciki, ba a buɗe ba. Muka sauka hawa na biyu, ƙofar ƙarshen lungu, ta wata dattijuwa da ya ce shekara guda ke nan yana buga mata bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya buga sau uku ya faɗi sunansa. Shiru. Ya ɗaga mini hannu kada in motsa, ya karkata kunne. Muka tsaya haka har fitilar lungun ta mutu, ya rage hucin iska kawai. Ban san tsawon lokacin ba. Daga can ciki aka buga wani abu a jikin katako, sau biyu, a hankali.

"Tana nan," in ji shi. "Mu je, saura ɗaya a ƙasa."